Man Gyaɗa a Robar Man Bindiga

Ɗana na fari aikin ɗamara yake yi. Ba na faɗin sunansa, haka aka tashe mu. Idan zan yi maganarsa sai in ce yayansu, ƙannensa kuma sun san da wa nake. Ko doguwar hira ba ma yi ni da shi. Zai durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri, in tura masa kwanon abinci, shi ke nan. Abin da ke raina game da shi a raina yake zama.

Shekarar da aka dawo da shi aiki Birnin Kudu, ofishinsu ba shi da nisa da gidanmu. Idan yana kan aiki da rana yakan biyo ya ci abinci, bindigar na rataye a kafaɗarsa. Ranar Alhamis kuwa, bayan ya ci, sai ya shimfiɗa wani tsohon buhu a ƙarƙashin rumfar tsakar gida ya zauna ya goge ta. Ni ina bakin ƙofar ɗakina a kan keken ɗinki, ina yi kamar ban gani ba, amma babu abin da ya wuce ni.

Kafin komai sai ya zare gidan harsashin ya sa a aljihu. Ya juya bakinta wajen katanga inda babu kowa, ya ja wani ƙarfe baya ya leƙa ciki, ya sake leƙawa. Sannan ya fara kwance ta, yana jera gutsattsarin a kan buhu yadda nake jera kwanuka idan na wanke. Akwai wani dogon sifirin, akwai wani ƙarfe mai kai da komo kamar sakatar ƙofa. Yana da tsinken ƙarfe da yake ɗaura wa tsumma ya zura ta cikin bututun, ya fito da shi baƙi, ya canza wani, har sai tsumman ya fito da haskensa. Lungu-lungu kuma da tsohon buroshin haƙori yake bi. Daga ƙarshe ya ɗauko wata 'yar roba mai dogon baki, ya ɗiga mai nan, ya ɗiga can, ya shafe da yatsa. Idan ya gama haɗawa sai ya ja sakatar nan ya saki, ta koma da ƙarfi, ƙaras.

Wannan ƙarar ita ce ba na so. Duk ranar da na ji ta sai ƙafata ta tsaya a kan fedar keke. Na taɓa ji yana gaya wa ƙaninsa cewa irin wannan bindigar ba a ɗura mata harsashi ɗaya-ɗaya. Idan aka ja kunamar ta tashi, ita da kanta take tura wani harsashin ta zauna a shirye, kuma sakatar nan ce ke yin aikin. Idan sakatar ta yi nauyi, ya ce, to sanda ce kawai kake riƙe da ita. Na ji maganar, ban ajiye ta da muhimmanci ba. Addu'ata a lokacin ɗaya ce, Allah Ya sa har ya gama aikinsa kada abin nan ya taɓa tashi a hannunsa.

Kayan gogewar a wata jakar leda yake ajiye su, a kan tagar shagonsa da ke zaure. Sau ɗaya ya taɓa cewa, ba ni ya kalla ba, ƙannensa ya kalla: “Kada wanda ya taɓa min jakar nan.”

Keken ɗinkin nawa na mahaifinsu ne, Allah Ya jiƙansa. Da shi nake ɗinka hijabai da kayan yara. A farkon daminar wannan shekarar sai ya fara kuka, ga ɗinkin suna an kawo min, ga man keke ya ƙare. Na duba sama na duba ƙasa, sai zuciyata ta tuna min da 'yar robar nan. Na ce ɗigo biyu ne, ba zai ma sani ba. Na ɗauko, na matsa. Ashe bakin a toshe yake, da na ƙara ƙarfi sai murfin ya fita gaba ɗaya, man ya malale a kan teburin keken har ƙasa. Abin da ya rage a ciki bai fi ya jiƙa gindin robar ba.

Mahaifiyata mutumiyar Wurno ce, kuma akwai abin da ta dasa mana tun muna yara. Idan ka ari abu a kwanon mutane, ba ka mayar da kwanon fanko. Idan maƙwabciya ta ba ka gishiri a murfi, murfin zai koma da daddawa ko 'yar kuka. Idan mai ka ara, ka mayar da wanda ya fi shi kyau. Har na girma na aurar da 'ya'ya ban taɓa karya wannan ba, hannuna ma ba ya yarda. To a ranar ina da sabon man gyaɗa da na matse da kaina, ban soya komai da shi ba. Na tace shi da farin ƙyalle har sau biyu, na cika robar taf, na goge jikinta, na mayar inda na ɗauko. Launin kusan ɗaya ne, warin tsohon man kuma ya rufe ƙanshin gyaɗar. Har wani daɗi na ji a raina, na ce yau abin da na yi da hannuna zai shiga cikin aikinsa.

Na so in gaya masa. Amma ta ina zan fara? In tsayar da ɗan fari in ce na taɓa jakar da ka hana? Na ce gobe, goben ta zama jibi. Ranar Alhamis ya zo yana fama da mura, ya zauna ya yi gugarsa, ya ɗiga man, hancinsa a toshe, bai gane ba. Sati bai zagayo ba aka tura su wani ƙauye can gaba da Gwaram, bakin daji, inda aka ce masu tare hanya sun matsa wa masu zuwa kasuwa. Ya zo ya yi min sallama, ya ɗauki jakar ledar ya tafi da ita.

Ni kuma da na ga mai mai ne, sai na ci gaba da ɗiga wa kekena man gyaɗa. Da farko lafiya lau, har ya fi da laushi. Bayan wata guda sai feda ta fara nauyi. Na ƙara mai. Ta ƙara nauyi. Wata safiya na taka, allura ta sauka ta ƙi tashi.

Ranar kasuwa na sa aka ɗora kan keken a baro aka kai wa mai gyara. Dattijo ne mai barkwanci, tun zamanin mahaifinsu shi yake duba mana shi. Ya buɗe ƙasan, ya sa yatsa ya dangwalo wani abu ja-ja mai yauƙi, ya kai hanci.

“Hajiya, ɗinki kike yi da keken nan ko tuyar ƙosai?”

Na yi dariya, na ce man gyaɗa ne, mai kyau, ni na matse.

“Ai na ji mai kyau ne, har yunwa ya sa ni. Amma man ci na ciki ne, ba na ƙarfe ba. Shi idan ya kwana biyu ya sha iska da zafi, danƙo yake zama. Ga shi nan, ya kama komai ya riƙe. Ke kuma da kika ji nauyi sai kika ƙara, ko?”

Na ce haka aka yi.

“Kowa haka yake yi. Yanzu sai na wanke shi da kananzir tas.”

Ina tsaye sai robar nan ta faɗo min a rai. Na dafa teburinsa. Na ce, “Malam, keke kaɗai yake yi wa haka, ko kowane ƙarfe?”

“Duk ƙarfen da ke kai da komo. Ko kwaɗon ƙofa kika zuba wa, wata rana sai kin kira kafinta.” Ya ɗago ya dube ni. “Lafiya, Hajiya? Keken zai tashi fa, ba mutuwa ya yi ba.”

Lissafin Alhamis nake yi. Shida suka wuce tun da ya tafi, kuma na san halinsa, ba ya tsallake ko ɗaya.

Ban san yadda na iso gida ba. Na ɗauki waya na kira, aka ce ba a samunsa. Na sake, na sake. Dama ya faɗa wa ƙannensa cewa inda suke babu sabis, sai mutum ya hau wani tudu, shi ma ba kullum ba. Na zauna na rubuta saƙo da yatsa ɗaya, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, harafi bayan harafi. Na rubuta, kada ka ƙara sa man nan. Saƙon ya tsaya a wayar bai tafi ba. Ƙaninsa da zan aika yana Kano wajen aiki, sauran mata ne, kowacce tana ɗakinta. Kuma ko da akwai ɗan aike, me zan ce masa? Je ka gaya wa yayanku bindigarsa ba ta aiki, a tasha, a cikin mota, kowa yana ji? Maganar da idan ta faɗa kunnen da bai kamata ba, ni na nuna musu inda za su same shi.

Na yi la'asar, na kasa tuna raka'a nawa na yi. Duk inda na juya allurar nan nake gani, ta sauka ta ƙi tashi. Sai in ga hannunsa yana jan sakatar, tana tafiya a hankali kamar an tsoma ta a zuma, wani kuma yana tsaye a gabansa da tasa mai lafiya. Shekara da shekaru ina roƙon kada bindigar nan ta tashi. Ranar na rasa abin da zan roƙa. Na ji tsoron ko addu'ata ce aka amsa ta wannan hanyar, da hannuna.

Washegari da hantsi ina tasha. A jakata akwai kwalbar kananzir da na naɗe a leda uku, da sabon man keke da na karɓa wajen mai gyara, da wani tsohon zanina da ya yi laushi. Ban taɓa zuwa wajen aikinsa ba. A wajenmu uwa ba ta bin ɗan fari, ko asibiti aka kwantar da shi sai dai ta aika. Matar da ke kusa da ni a mota ta shinshina ta ce, “Baiwar Allah, kananzir kike kai wa Gwaram? Can ma akwai fa.” Na ce sautu ne. Ta ci gaba da ba ni labarin jikarta, ina ta cewa to, to, ban ji ko kalma ɗaya ba. Gero da dawa sun yi kore shar a gefen titi, har sun isa ɓoye mutum a tsaye. Da can idan na ga haka godiya nake yi. Ranar duk gonar da muka wuce sai na leƙa cikinta.

A Gwaram na sauka na hau wata tsohuwar mota mai shiga ƙauyuka. Hanyar duk ruwa ya cinye ta. Direban yana ta hira da na gaba, yana cewa shekaranjiya ma'aikata suka raka su har kasuwa suka dawo da su, shi ya sa yanzu ake samun shiga. Wani ya ce ai su mutanen dajin suna nan, jira suke a yi sake. Na riƙe jakata da hannu biyu.

Wurin nasu wata tsohuwar makaranta ce a bakin gari, an jera buhunan yashi a gaba. Wani mai kaki, babba, mai furfura a gemu, ya taso ya tare ni.

“Sannu Inna. Wa kike nema?”

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Shekara talatin da wani abu ban furta shi ba. Na ce, “Yaron wajena ne. Daga Birnin Kudu.”

“Inna, 'yan Birnin Kudu uku gare ni. Wanne?”

Na ce ya ba ni biro. Ya yi mamaki amma ya ba ni. Na juya bayan takardar da aka naɗe man keke da ita, na dafa a kan buhun yashi, na rubuta. Haruffan suka fito a karkace. Ranar da malamarmu ta ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta, nasa na tsallake. Wannan ne karo na farko. Mutumin ya karanta, ya dube ni, sai ya sassauta murya.

“Ɗan fari ne ke nan. Zauna Inna, yana nan, lafiyarsa ƙalau.”

Na zauna a kan buhun yashi.

Ya fito da sauri, bindigar a kafaɗa. Da ya gan ni sai ya tsaya cak, fuskarsa ta canza. Ya durƙusa.

“Inna, wa ya rasu?”

“Babu kowa.”

“To me ya faru?”

Na kalli ƙasa na faɗa masa duka, tun daga kukan keke har maganar mai gyara. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya miƙe ya shiga ciki, ya fito da buhu da jakar ledar, ya shimfiɗa a inuwar wata bishiyar maina. Ya zare gidan harsashin, ya juya bakin wajen fili, ya ja sakatar. Na ga yadda jijiyar hannunsa ta tashi kafin ta motsa. Ya leƙa ciki, ya saki.

Ba ta yi ƙaras ba. Ta tafi a hankali, ta tsaya saura kaɗan, sai da ya tura ta da tafin hannu.

Ya dube ta. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, “Na ji tana nauyi. Na ɗauka damina ce. Sai na ƙara mai.”

Babban nasu yana tsaye a kanmu. Ya ce, “Robar nan taka, ba ita ce ake ta ara ba?”

“Ita ce, Oga. Mu huɗu muke sawa.”

Ashe ba ɗa ɗaya na jawo wa ba. Aka kira sauran ukun, kowa ya zo da tasa, kowa ya zare harsashi ya gwada. Biyu da sauƙi, don ba su cika sawa ba. Ta ukun irin tasa ce. Mai ita wani dogo ne, ya kwance, ya dangwalo danƙon ya shinshina.

“Wallahi tun kwanaki nake jin ƙanshin ƙuli-ƙuli idan rana ta yi zafi. Na ce ko yunwa ce take min gizo.”

Suka yi dariya, ɗaya ya ce saura yaji da albasa. Dariyar ba ta yi tsawo ba. Na ga dogon ya juya yana kallon hanyar da ta shiga daji, wadda suka bi shekaranjiya.

Na ce, “Ku yafe ni. Ni na yi, ba shi ba.”

Babban ya ce, “Inna, da kin zauna a gida kin yi shiru fa? Gobe akwai wata kasuwar, da asuba za mu raka motoci.” Ya juya wajensu. “Kowa ya zauna. Ba mai tashi sai tasa ta yi kuka yadda ya kamata.”

Na fito da kananzir ɗin da man keken. Babban ya karɓi man ya duba, ya ce zai yi kafin a kawo nasu daga gari. Na fito da zanin na fara yagawa ƙanana-ƙanana, daidai yadda na ga yana ɗaurawa a tsinke. Yayansu ya dubi tsumman ya dube ni.

“Inna, ya aka yi kika san girman?”

Na ce, “Ina gani ai.”

Ya sunkuyar da kai. Suka jiƙa ƙarafan a wani tsohon kwano, suna dirzawa da buroshi, kananzir yana komawa ja. Danƙon ya shiga ko'ina, har cikin sifirin. Shi ya miƙo min sifirin ya ce in riƙe masa kada ya taɓa ƙasa. Na riƙe. Abin da na shekara ina kawar da kai daga gare shi, ga shi a tafin hannuna, da sanyi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Ina riƙe da shi ina tunanin wanda za a nuna wa bakin bindigar nan idan ta gyaru, shi ma wata ce ta haife shi. Tunanin bai sa na saki ba. Na dai ƙara riƙewa, ina jin tsoron kaina.

Sai bayan azahar suka gama. Ya busar da komai, ya ɗiga sabon man kaɗan-kaɗan, ya goge, ya haɗa. Ya ja sakatar ya saki.

Ƙaras.

Na ce, “Sake.”

Ya ɗago da mamaki. Ya sake ja, ya saki. Sai da ya yi sau uku sannan na ce ya isa.

Ya raka ni har inda motar take. A hanya ya tsiyayar da sauran man gyaɗan a gindin wata bishiya, ya tsaya da robar a hannu yana neman inda zai jefar. Na miƙa hannu na karɓa. Ya ce, “Inna, da kin gaya min tun ranar, ai ba zan yi faɗa ba.” Na ce na sani. Ya ce in ya samu sabis zai kira gobe idan sun dawo. Na ce to, ina kallon tayar mota.

Washegari tun da na idar da sallar asuba wayar tana kan cinyata. Ban ɗora tukunya ba, ban share tsakar gida ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai na miƙe na leƙa. Sai da rana ta karkata ta yi ƙara. Muryarsa tana yankewa, iska tana busawa a kan tudun.

“Inna, mun dawo. Ba mu haɗu da kowa ba.”

Na ce, “Madalla.” Na so in ƙara wani abu, layin ya katse.

An daɗe da dawo da shi gari yanzu, ya yi aure, a gidansa yake gugarsa. Ban ƙara jin ƙarar nan ba, amma har yau idan Alhamis ta zo da rana sai na tsinci ƙafata ta tsaya a kan feda, ina saurare. Robar tana nan a aljihun teburin kekena, tare da allurai. Ranar da ƙanwarsa ta gan ta ta ce in ba ta ta zuba man kitso, na ce ta bar ta yadda take. Fanko ce, kuma ban mayar masa ba.